Ashe a Bayan Gidanmu Aka Haifi Ɗanƙwairo

Yau kwana huɗu ke nan, kuma har yanzu in na kwanta kotso nake ji a kunnena. Bari in ba ku labarin tun da zafinsa, kafin in huce in fara tauna magana.

Daren Litinin ne a Talata Mafara. Gari ya cika da baƙin kasuwa, motocin hatsi da na dabbobi tun la'asar suke sauke kaya. Muna tsakar gida bayan isha'i, sai ɗan ƙanena da ya zo hutu daga karatu a Turai ya fito da kwamfutarsa, ya kifa turmi ya ɗora ta a kai. "Baffa," ya ce, "kai da ba ka gajiya da waƙa, zo ka ga fim ɗin da wani abokin karatuna ya ba ni. Na ƙasarsu ne, Sulobeniya." Na ce ina ne kuma nan? Ya ce wata 'yar ƙasa ce a maƙwabtan Italiya da Ostiriya, mutanenta duka-duka miliyan 2 da 'yan kai. Na ce to ai Zamfara kaɗai ta fi su jama'a. Na jawo tabarma na zauna, da niyyar in kalli minti goma don kada yaron ya ji ba daɗi.

Ban tashi ba sai da rubutun ƙarshe ya gama hawa.

Fim ne na 2002, wani darakta Franci Slak ya shirya shi, a kan rayuwar babban mawaƙinsu France Prešeren. Ko kalma ɗaya ban ji ba a harshensu. Yaron ne ke karanta fassarar da ke ƙasa yana juya mini, wani lokaci ya tsayar da fim ɗin ya yi mini bayani, ni kuma ina cewa saki mu gani. Mutumin ɗan manoma ne, an haife shi a ƙauyen Vrba ranar 3 ga Disamba, 1800. Ya yi karatun lauya a Biyana, ya dawo Ljubljana a zamanin da ƙasarsu ke ƙarƙashin daular Ostiriya, Jamusanci ne harshen ofis da na masu ido da kwalli, harshen da ya tsotsa kuwa an bar wa manoma da barori. A wannan harshen da aka raina ya zuba manyan waƙoƙinsa. Ya so wata yarinya 'yar masu hali, Julija Primic, har ya jera haruffan sunanta a farkon layukan wata doguwar waƙa, ta tafi ta auri wani. Ya yi ta neman izinin buɗe ofishin lauya na kansa ana hana shi, sai 1846 aka ba shi a garin Kranj, bai cika shekara uku a can ba ya mutu, ranar 8 ga Fabrairu, 1849, yana da shekara 48. Yau ranar mutuwarsa hutu ce a ƙasar baki ɗaya. Baiti ɗaya daga waƙarsa shi ne takensu na ƙasa. Kamanninsa na kan kwandalarsu ta Yuro 2.

Duk wannan bai girgiza ni ba kamar abin da yaron ya faɗa a ƙarshe, yana naɗe waya. Ya ce hoton da duniya ta san mawaƙin da shi, wani mai zane ne, Franz Goldenstein, ya zana shi da ka a 1850, bayan an riga an binne mutumin. Na ce tsaya, maimaita. Ya maimaita. Wato mutanen nan ba su da muryarsa, ba su da sahihin hoton fuskarsa, ba su da ko mutum ɗaya a raye da ya taɓa gaisawa da shi, amma suka tashi suka ɗinka masa riga, suka nemo wanda zai tsaya a madadinsa, suka mai da shi yana tafiya yana magana a gaban jikokin jikokinsu! Sunan fim ɗin ma a harshensu, Pesnikov portret z dvojnikom, ma'anarsa hoton mawaƙi tare da mai kama da shi.

"To Baffa, mu wa za a yi wa irin wannan?"

Ban ko yi tunani ba na ce Ɗanƙwairo. Wa kuma? Muryar da na tashi da ita, wadda ke fita daga rediyon mahaifina kowace safiya, wadda na sayi kaset ɗinta ya tsinke na liƙe da jan farce na ci gaba da ji.

"A ina aka haife shi?"

Na ce Maradun mana, ai sunan ya faɗa maka, Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun.

Gwaggona tana kishingiɗe can gefen rumbu, mun ɗauka ta yi barci tun tuni. Sai muka ji muryarta daga cikin duhu: "Wa yac ce maka Maradun anka haife shi? Ɗankadu na, ƙasar Bakura. Maradun zama yay yi."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Bakura! Bakurar da nake zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, wadda in na bar gida da hantsi nake dawowa kafin azahar! Na shiga ɗaki da fitilar waya, na birkice akwatin littattafai har na zaro Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda na saya shekaru da yawa na ajiye. Na buɗe, na bi da yatsa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Ɗankadu. Uba Usman Ɗankwanda. Wa Abdu Kurna. Shekara arba'in ina jin mutum, na haddace waƙoƙinsa har inda 'yan amshi ke shaƙar numfashi, ban taɓa tambayar wace ƙasa ya fara takawa ba.

Ban yi barcin kirki ba. Da gari ya waye ban jira an ci kasuwa ba, na ja yaron muka shiga motar da ta sauke 'yan kasuwa za ta koma Bakura. Hanya ta ratsa da mu ta gonakin da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa, shinkafa kore shar hagu da dama, ni kuwa idona na kan manoman da ke duƙe. Domin abin da na karanta cikin dare shi ne, gidan su Ɗanƙwairo da kiɗan noma suka fara. Kafin fada, kafin manyan riguna da dawaki, akwai gona: gayya ta jeru, ƙarti sun kama kunya-kunya, makaɗi na biye da su yana kiran sunan wanda ya yi gaba yana zuga wanda ya rage baya, ƙura na tashi, rana na dukan ƙeya. Na dafa kafaɗar yaron na ce, ka ga farkon fim ɗinmu can. Ba sai an gina komai ba. Ga gonar, ga ranar, ga mutanen.

A Bakura wani abokina ya kai mu zauren wani dattijo da ya haura tamanin, yana zaune kan buzu yana murza goro a magogi saboda haƙora sun tafi. Muka durƙusa muka gaisa. Na faɗi abin da ya kawo mu. Ya dube ni ya daɗe.

"Ɗana, mi za ka yi da labarin makaɗi?"

Na ce, Baba, so nake in san mafarinsa. Na ce ko sunan nan ma, Ɗanƙwairo, na ɗauka sunan mahaifinsa ne sai jiya na ga ba haka ba.

Ya yi dariya har ya tari. "Ƙwairo wani na daban. Yaron ubansa na, cikin masu yi mai amshi, mai zaƙin murya. Da Musa yat taso shina amshi, muryar ta ɗauko tashi, sai anka riƙa cewa ga ɗan Ƙwairo, ga ɗan Ƙwairo. Shi ke nan suna ya bi shi."

Na waiwaya na dubi yaron, shi ma ni yake kallo, bakinsa a buɗe. Mawaƙi tare da mai kama da shi! Abin da Turawan can suka sa wa fim ɗinsu suna, mu a cikin sunan mawaƙinmu yake kwance tun fil azal. Akwai wani mutum, Ƙwairo, ɗan amshi, wanda bai taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar murya a matsayin jagora ba, wanda ba a kiransa a rediyo, amma duk lokacin da wani a Kano ko Yamai ko Kumasi ko Jidda ya ce a sa masa Ɗanƙwairo, sunan wannan bawan Allah yake ambata bai sani ba. Muryarsa ta tafi da shi kabari, sai kwafinta da ya rage a maƙogwaron wani yaro, kwafin kuma ya zo ya cika duniya. Ku gaya mini wane marubucin fim ne zai zauna ya ƙago abin da ya fi wannan? Ina ganin wurin a idona: dare, an dawo daga gona, ƙungiya na gwada sabuwar waƙa a ƙofar gida, ƙaramin yaro ya saci amshi daga bayan zana, babban mutum ya tsaya cak don ya ji muryarsa na fitowa daga bakin da ba nasa ba.

Dattijon ya nuna mana da sandarsa ta inda ake bi zuwa Ɗankadu, amma ya ce kada mu kama hanya rana ta riga ta karkata, mu bari sai da safe kuma da ɗan gari. Kowa a ƙasar nan ya san abin da wannan magana ke nufi a 'yan shekarun nan. Muka juyo.

Laraba muka yi sammakon Maradun.

Nan ne gidan ya koma kiɗan fada, a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Nan ne kuma labarin ya ƙara ɗaurewa, don bayan Usman Ɗankwanda ba Musa ne ya gaji jagorancin ƙungiya ba. Wansa Abdu Kurna ne. Musa ya zama Daudun kiɗi, wato na biyu, mai jiran gado, yana tsaye a bayan wansa yana karɓa. Ku tsaya ku auna wannan. Mutumin da daga baya sarakunan Arewa za su riƙa aika masa da mota, ya yi shekaru yana amsa waƙar wani, kuma wanin nan jininsa ne, wanda ba ya iya ɗaga wa murya. Me ke zuciyar ƙane mai irin wannan baiwa? Me ke zuciyar wa da ya san na bayansa ya fi shi zaƙi? Ba na cewa sun yi rigima, kuma duk wanda zai yi fim ɗin nan ya ji tsoron Allah kada ya ƙaga musu gaba don neman armashi. Biyayyar ita kanta abin kallo ce. Haƙurin ɗan Hausa da ya san zai yi nisa amma ya tsaya a layinsa har lokaci ya yi, ban taɓa ganin an nuna shi yadda ya kamata a allon talabijin ba.

Wani tsohon makaɗi a garin, wanda ya ce ya ga Ɗanƙwairo da idonsa a fada sau ba adadi, shi ya shiga ɗaki ya fito mana da kotso. Karo na farko ke nan a rayuwata da na riƙe shi. Ya fi yadda nake zato sauƙi a hannu. Icce ne siririn tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya kawai aka rufe da fata, ɗayan a buɗe yake, kana iya zura hannu. A tsakiyar fatar akwai wani baƙin tabo mai danƙo, ya ce shi ne nake, shi ke ba kotso wannan amon mai zurfi, in babu shi sai ka ji kamar ana bugun kwano. Ba a sa masa gula, da hannu ake kaɗa shi. Ya rataya a kafaɗa, ya shafa fatar da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, ya ɗan kanga ta ga rana, sannan yatsunsa suka sauka.

Jama'a! Na ji wannan sautin sau dubu a kaset, ashe kaset rabinsa yake ba ni. A kusa, a ƙirji kake jinsa kafin kunne. Yara suka fara leƙowa, wata tsohuwa a cikin gida ta rangaɗa guɗa ba wanda ya sa ta. Ɗan ƙanena da ya yi shekaru yana jin kiɗan Turawa ya rasa inda zai sa kansa, ya zaro waya ya fara ɗauka hannunsa na karkarwa.

Tsohon ya tsaya ya ce mana waƙar Ɗanƙwairo ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma nan ne na gane kuskuren da ɗan fim zai fi saurin yi. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe, sun ƙarasa masa, sun yi ƙari, sun mayar da shi gindin waƙa, shi kuma ya riga ya hau wani ɗan ta samansu da wannan siririyar murya mai kaifi. Ga sanƙira a gefe yana kirari yana fayyace wa ake nufi. Kamar saƙar tabarma, in ka zare kaba ɗaya sauran sun warware. Fim ɗin Prešeren dole ya nuna mutum shi kaɗai da alƙalami da takarda, don haka rubutacciyar waƙa take haihuwa. Namu ba zai yiwu da jarumi ɗaya ana haska fuskarsa ba. Sai an nemo ƙungiya sukutum, an zaunar da su wata da watanni har numfashinsu ya zama ɗaya.

Daga nan sai labari ya buɗe kamar an fasa dam. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, da waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi masa, waɗanda suka fitar da sunansa daga ƙasar Maradun suka kai shi kowane gida mai rediyo. Makaɗin gona ya zama makaɗin mutumin da ya fi kowa ƙarfi a Arewa. Sai kuma safiyar 15 ga Janairu, 1966, aka wayi gari an kashe Sardauna a Kaduna. Ina makaɗi yake sa kansa ranar da aka ce masa ubangidan da ya wasa har sama ba ya duniya? Wannan wuri ɗaya, in an ba shi haƙƙinsa, ba mai kallonsa da busasshen ido. Kuma bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar da har gobe in aka sa ta a biki sai manya sun gyara zama, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya zagaya fadoji, yana yabo yana zambo, zambon da ke sa ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa ya kwana bai runtsa ba alhali ba a kira sunansa ba. Ya rayu har 1991. Da na faɗi shekarar, yaron ya ɗago kai ya ce, "Baffa, ai a 1991 Sulobeniya ta samu 'yancin kanta." Shekarar da suka samu ƙasar da za su rera baitin mawaƙinsu a matsayin take, a shekarar muka binne namu.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma zan faɗe shi. Tambayar dattijon Bakura ba ta bar ni ba: mi za ka yi da labarin makaɗi? Ba da raini ya yi ta ba, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Muna son waƙa kamar rai, muna ba makaɗi riga da doki da kujerar Makka, amma a ƙasan zuciya maroƙi ne, a ƙasa yake zama, kuma gidaje da yawa in ɗansa ya zo neman aure sai an yi ta shawara. Mun ɗauki waƙar mun bar mutumin. Shi ya sa muka san tarihin sarakunan da ya wasa, kaka da kakanni, daga bakinsa ma muka haddace shi, shi kuwa ba mu san ƙauyensu ba. Ni ne shaida a kan kaina.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A ƙasar Maradun ɗin nan Faru take, garin Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, wanda ya yi zama a nan Talata Mafara shekaru da dama kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wato a titunan da nake bi zuwa masallaci an buga wannan kotson. In ka ƙara gaba ta Isa ga Ibrahim Narambaɗa. Ƙasa guda, 'yan garuruwa da mota ke zagayewa a yini, ta fitar da waɗannan duka.

Kada wani ya ce mini ba mu iya ba. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Masana'antar Kano ta haura shekara talatin tana fitar da finafinai ba ƙaƙƙautawa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta wa Mamman Shata littafin tarihi mai kauri, Farfesa Gusau ya bi makaɗan fada gida-gida ya taskace. Ga muryar Ɗanƙwairo a kaset da waya, ga hotunansa masu motsi da gidajen talabijin suka ɗauka, ana ganin yadda yake zama da yadda yake ɗaga hannu. Abin da mutanen Prešeren za su ba da dukiya su samu, mu yana zube a aljihun kowane direba. Sharaɗina ɗaya ne ga duk wanda zai yi: a bar mutanen fim ɗin su yi magana da bakin nan, munka da anka da shina, yadda Gwaggona ta gyara mini magana cikin duhu. Ɗanƙwairon da ke Kananci ba shi ba ne.

Abin da ba zai jira ba shi ne tsofaffin. Wanda ya ga Kurna da idonsa yau ya tsufa. Wasu sun rasu, wasu rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyukansu sun watse a garuruwa, labarin na watsewa tare da su. Tsohon makaɗin nan ya yi mana magana kusan awa ɗaya, yaron na ɗauka, da muka tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ku dawo da wuri, ɗana. Akwai saura, kuma ni ba yaro ba ne."

A tasha direba na ta buga gefen mota yana cewa mu hanzarta, ba ya son la'asar ta same shi a hanya. Muka matsu a baya, buhun barkono a ƙafafunmu. Mota na tashi ya danna rediyo, kuma wallahi ban roƙe shi ba, sai ga kotso, sai ga 'yan amshi sun ɗauka gaba ɗaya, sai ga siririyar muryar nan ta keto ta samansu. Na rufe ido ina nema a cikinta ko zan ji ɗaya mutumin, wanda aka ce ta ɗauko tashi. Yaron ya taɓa ni ya nuna mini fuskar wayarsa: ya riga ya buɗe sabon shafi ya rubuta Ɗankadu a sama, a ƙasa ya sa Talata mai zuwa, ƙarfe 7 na safe.